Hoton Tsohon Kan Jirgi

Ni mutumin yankin da jirgin ƙasa bai taɓa ratsawa ba ne. Daga Magarya zuwa Dungas, daga Kwaya zuwa Yekuwa, babu inda aka taɓa shimfiɗa ƙarfen dogo, kuma har yau amalanke da jaki da babur su ne abin hawan yawancinmu. Amma gyaɗar da iyayenmu suka noma ta sha shiga jirgi, domin a zamanin ƙuruciyata wasu sukan tsallaka iyaka da ita. A irin wannan tafiya ce mahaifina ya kai ni gidan kawuna, a wani ƙaramin gari da ke kan layin da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru. A can na fara ganin kan jirgi mai cin kwal. Baƙi ne wuluk, yana huci ta ƙasa yana hayaƙi ta sama, wani mutum a cikinsa yana zuba masa kwal da shebur, gumi ya wanke masa fuska. Da ya motsa, sai da na ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafata.

Daga baya na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, irin wanda a wajenmu ake kira Mushe, na kuma riƙe shugabancin makarantu a ƙauyukanmu har lokacin da na ajiye aiki. Littattafan da aka ba mu mu koyar cike suke da jiragen ƙasa, yaran da ke gabana kuwa ba wanda ya taɓa ganin ko da tarago. Nakan zana musu kan jirgi da alli a allo, su yi ta kallona cikin ladabi kamar wanda yake ba su tatsuniya. Wannan ne ya sa da na sami hali na sayi kyamara irin mai filim a Damagaram, na koyi aiki da ita bisa ƙa'ida: yadda ake auna haske, yadda ake daidaita nisa, yadda mutum zai riƙe numfashinsa kafin ya danna. Sai dai kafin kyamarar ta shigo hannuna, masu cin kwal sun daina tafiya. Abin da na tara a hutun makaranta duk hotunan masu shan dizal ne. Suna da kyau, ban raina su ba, amma ba su ne na gani ina yaro ba.

Akwai mai cin kwal guda ɗaya da ya saura a tashar garin kawuna, a kulle cikin wata tsohuwar rumfar kwano. Shekara da shekaru ina leƙensa ta ramin ƙofa, ba na ganin komai sai duhu da kashin jemage. Na nemi izini sau da yawa, kowane lokaci a ce mini mai mabuɗin ya yi tafiya.

A ƙarshen daminar da ta wuce, ɗan kawun nan nawa ya kira ni a waya. Taubashina ne, tsararmu ɗaya, ya yi aikin reluwe tsawon rayuwarsa yana juya wa jirage hanya, kuma tun muna yara bai taɓa yi mini magana ba tare da tsokana ba. Bayan gaisuwa ya shaida mini cewa an sayar da tsofaffin ƙarafan tasha ga ƴan gwangwan, an kware rumfar, kan jirgin yana tsaye a fili. Masu yanka da wuta sun fara da taragai, idan sun gama za su juyo kansa.

"Idan kana son ka yi ban kwana da ƙarfen nan da kake so fiye da danginka, bawana, to ka taho," in ji shi.

Filim ɗaya tak ya rage mini. Ɗiyata ce ta samo mini shi a Yamai da daɗewa, bayan ta sha yawo, ta kuma gaya mini kada in sake aikenta neman abin da duniya ta daina yi. Na adana shi cikin gwangwani a gindin randa inda ya fi sanyi a gidan. Na ɗauko shi, na goge idon kyamara, na gwada ta babu filim har na tabbata lafiyarta lau. Maiɗakina ta haɗa mini ƙuli-ƙuli da wake in kai tsaraba, ta ce in gaida kowa, ta ƙara da cewa mutum mai irin shekaruna ba ya tsallaka iyaka saboda tsatsa. Na hau mota zuwa iyaka, na wuce ƴan duwan masu binciken kaya, na sake hawa wata, sannan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni a babur har ƙofar gida bayan azahar.

Tun daga zaure na lura akwai abin da ba daidai ba. Gidan kamar ranar salla. Mata sun sha lalle da ɗauri, maza sun sa manyan riguna da aka buga, har da wasu fuskoki da ban sani ba. Na tambayi taubashina ko suna ake yi ko ɗaurin aure ba a gaya mini ba. Ya yi dariya ya ce ai ni ake jira. Ya sanar da unguwa cewa mai hoto zai zo takanas daga Faransa, kamar yadda suke kiran ƙasarmu a can, kuma ba irin hoton waya ba da yake ɓacewa ranar da wayar ta faɗa ruwa, hoto na takarda wanda ake ratayewa a bango.

Na ja shi gefe na gaya masa da kakkausar murya cewa ban zo ɗaukar mutane ba, kuma filim ɗin da ke hannuna ba shi da na biyu.

"To me za ka ɗauka?"

"Kan jirgin."

"Shi kaɗai? Ba kowa a gabansa?"

"Shi kaɗai."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Boko ya gama da kai, Mushe. Wa zai ce maka ya yi kyau? Jirgin?"

Bayan la'asar muka nufi tasha, ni a gaba, jama'a a bayana kamar masu rakiyar amarya. Da muka zagaya tsohon ɗakin ajiyar kaya sai ga shi. Ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta, amma bai rasa kwarjininsa ba. Baƙin fentin ya koma ja saboda tsatsa, bututun hayaƙinsa na nan tsaye, manyan ƙafafunsa sun fi ƙuguna tsawo, sandunan da ke haɗa su duk suna wurinsu. Daga can gefe ana jin ƙarar masu yankan taragai, tartsatsin wuta yana tashi. Rana ta karkata, haskenta ya faɗo a kan gefen jirgin daidai yadda mai hoto yake roƙo.

Kafin in cire murfin idon kyamara, jama'a sun jeru a gabansa. Dattawa a tsakiya, mata a gefe guda, dogaye a baya. Wani ya shimfiɗa darduma, wani ya kawo kujera. Na roƙe su cikin girmamawa su ɗan ba ni wuri, suka matsa baya taku kaɗan, suka ƙara manne wa jirgin, suka gyara huluna. Na sake bayani, na ce abin tarihi ne, kwanakinsa sun kusa ƙarewa, su kuwa in Allah ya so suna nan. Limamin unguwar, dattijo mai natsuwa wanda ya girme ni, ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni a hankali ko akwai wani laifi da suka yi mini. Babu amsar da mutum mai tarbiyya zai bayar ga irin wannan tambaya sai ɗaga kyamara.

Na ɗauki dattawa. Na ɗauki matan gida, sannan matan maƙwabta, domin ba a ɗaukar waɗannan a bar waɗancan. Na ɗauki taubashina da matarsa, na ɗauke shi shi kaɗai yana riƙe da ƙarfen hawa kamar shi ne direban. Wata tsohuwa ta ce ta rufe ido, a sake. Duk dannawa ɗaya ina jin ta a ƙirjina, ina kallon ƙaramar tagar da ke nuna abin da ya rage na filim. Taubashina ya raɗa mini cewa in riƙa yin kamar na danna, ba wanda zai sani. Na ce masa ban taɓa yaudarar wanda ya tsaya a gaban kyamarata ba, kuma ba zan fara da furfura ba. Da na ga fiye da rabi ya tafi, sai na sanar cewa haske ya ƙare, wanda a lokacin gaskiya ne. Na mayar da murfi, aka yi mini godiya, aka sa mini albarka. Tuwon da aka kawo mini a daren nan ban san ɗanɗanonsa ba.

Washegari na tafi masallacin asuba da kyamara a ƙarƙashin riga. Da aka shafa addu'a ban koma gida ba, na bi ta bayan kasuwa na nufi tasha. Ina jin takun mutum a bayana, na waiga, sai ga taubashina da sandarsa. Na ɗauka wata fitinar ya zo da ita, amma ya ce tun da haukan nawa ba ya jin magani, gara ya tsare mini hanya. Ya kuwa tsaya a bakin shiga, duk wanda ya hango kyamara ya nufo mu sai ya tare shi da doguwar gaisuwa, ya tambaye shi gida da gona da dabbobi ɗaya bayan ɗaya. Wannan alheri nasa ba zan ɓoye shi ba.

Rana ta fito, raɓa tana kan ƙarfe. Na ɗauki jirgin daga gaba, na durƙusa duk da ciwon gwiwa domin bututun ya fito a kan sararin sama. Na ɗauke shi daga gefe, tsawonsa duka. Na matsa kusa na ɗauki ƙafafun da sandunansu, na ɗauki bakin murhun da ake zuba kwal, na ɗauki farantin tagulla mai lambarsa, wanda na goge da gefen rawanina. Ban yi gaggawa ba. Kowane hoto sai na auna haske, na riƙe numfashi.

Saura dannawa ɗaya na ji ƙaho daga nesa. Jirgin da ya kamata ya wuce tun jiya ne ya makara, mai shan dizal, yana jan taragansa a hankali. Layinsa yana gefen inda tsohon yake. Na ja da baya, na jingina da bangon ɗakin ajiya don kada hannuna ya girgiza, na jira har kawunan jiragen biyu suka yi kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana ruri ɗaya shiru, sannan na danna. Na san abin da na kama. Wanda ya daɗe da kyamara yakan san hoto ya zauna tun kafin a wanke. A duk shekarun da na yi ina wannan sha'awa ban taɓa ɗaukar kamarsa ba.

Na dawo Magarya da filim a aljihun ƙirji. Mai shagon hoto da nake hulɗa da shi tsohon ɗalibina ne, yanzu shi ma gemunsa ya fara fari, mutum mai ladabi wanda har yau ba ya zama idan ina tsaye. Ya gaya mini cewa ya daɗe da daina wanke filim, amma yana da aboki a Kano da bai zubar da kayan aikin ba. Can za a wanke, a shigar da hotunan cikin na'ura, a turo masa, shi kuma ya buga a takarda. Na ce masa a buga duka, a kuma dawo mini da baƙin filim ɗin, domin shi ne asali, daga gare shi ake sake fitar da hoto ko bayan shekaru. Ya ce in kwantar da hankalina, aikina ba kamar na kowa ba ne.

Jiran ya yi tsawo. Nakan bi ta ƙofar shagon kamar hanya ce ta kawo ni, ya fito da sauri ya gaishe ni, ya ce direban da aka ba saƙon bai koma ba, ko wuta ce babu a can. Taubashina kuma yana kira yana cewa mata sun hana shi sakat da tambaya, masu yanka kuma sun kusa gamawa da taragai. Ban damu da wannan ba sosai a lokacin, domin a ganina jirgin ya riga ya tsira.

Ranar da ya aiko cewa aiki ya kammala, na sa rigar da nake zuwa Juma'a da ita. Ya shimfiɗa mini kujera, ya miƙo ambulan da hannu biyu, fuskarsa cike da fara'a. Na buɗe.

Hoton farko na dattawa ne. Ga liman, ga sauran, kowa ya fito sarai. A bayansu kuwa wani lambu ne mai jajayen furanni da ruwa yana tsiri sama. Na biyu, matan gida a gaban wani farin bene mai ginshiƙai. Taubashina yana tsaye shi kaɗai, hannunsa a ɗage yana riƙe da iska, bayansa teku da itatuwan kwakwa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. Babu bututu, babu ƙafa, babu ko ƙusa ɗaya ta jirgin.

Na tambaye shi ina abin da ke bayan mutanen.

"Ai na gyara muku, Mushe," in ji shi. "Wani ruɓaɓɓen ƙarfe ne ya ɓata wurin gaba ɗaya. Na ce hoton iyalinku ba zai fita daga shagona da bola a bayansa ba. Da hannuna na bi gefen kowane mutum, har gefen ɗankwali."

Na ce to, sauran fa, waɗanda babu kowa a ciki?

Ya sunkuyar da kai kamar mai rufa mini asiri. Ya ce ya ga waɗannan, ya gane gwaji ne nake yi kafin mutane su jeru, ko kuma hannu ne ya kuskure, abin da yakan sami kowa idan girma ya zo. A sana'arsu, in ji shi, ba a buga hoton da ba mutum, domin ba mai karɓarsa, wasu ma har faɗa suke yi idan sun gan shi a ambulan. Saboda haka ya share su don kada su cika masa na'ura.

A shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa ɗaga murya a kan ɗalibi a gaban jama'a ba, kuma ban ɗaga a ranar ba. Na ce masa ya zauna, karon farko ya zauna a gabana. Na gaya masa abin da ƙarfen nan yake, da abin da ya kai ni, da abin da ke shirin faruwa da shi. Ina magana fara'ar tana barin fuskarsa. Ya buɗe na'urar ya bincika ko'ina: gyararrun sun maye gurbin na asali, waɗanda aka turo masa ta waya kuma ya goge tun da ya kwashe su. Ya kira abokinsa na Kano a gabana, ya sa muryar a fili. Mutumin ya ce shi ba ya ajiye aikin da ya riga ya tura. Da aka tambaye shi baƙin filim, sai ya ce yau shekaru ba wanda ya nemi a mayar masa da wannan, yakan tara su ne a kwali, kwalin kuma ya tafi da shara.

"Na gaya maka a dawo da shi," na ce wa ɗalibina.

"Kun faɗa, Mushe. Na ɗauka irin maganar da ce."

Ya ce zai iya samo mini hoton jirgi mai cin kwal a intanet, wanda ya fi wannan kyau, sabo fil, da hayaƙinsa, ya sa ni a gabansa idan ina so. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na tattara hotunan na mayar cikin ambulan, na yi masa sallama.

Ba ni da sauran filim, amma na yi tunanin ko da wayar wani ce a ɗauka, ya fi babu. Da sassafe na kama hanya ba tare da na sanar ba. Motar ta lalace kafin iyaka, muka yini a gindin wata tsamiya, ban isa ba sai washegari da hantsi. Ban biya ta gida ba, na sa ɗan kabu-kabu ya kai ni tasha.

Bututun yana kwance a ƙasa. Tukunyar jirgin an tsaga ta gida-gida kamar kabewa, ana loda gutsattsarin a babbar mota. Ƙafafun ne kawai suka rage a kan dogo, wani mutum mai baƙin tabarau yana durƙushe a gindinsu da wutarsa. Na tambayi shugabansu farantin tagulla mai lamba, ya ce tagulla ita ake fara cirewa, ta daɗe da tafiya. Ya ga ambulan a hannuna da rigar da ke jikina, ya tambaya ko daga hukuma nake. Na ce a'a, baƙo ne. Na tsaya har aka raba ƙafa ta farko da sandarta, sannan na juya.

A gidan kawuna an yi murnar da ban taɓa ganin an yi wa wani aikina ba. Hotunan suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, maƙwabta suka shigo, tsohuwar da ta ce ta rufe ido ta rungume nata. Liman ya aiko a gaya mini cewa bai san akwai gwani irina a Faransa ba. Matar taubashina ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin kanta a wuri mai kyau haka ba, ta kuma roƙe ni in dawo bikin jikarta bayan girbi. Na ce mata kyamarar ba ta da sauran filim, ta ce ai Allah zai kawo.

Taubashina ya daɗe yana duban nasa, shi da teku da hannu a sama. Na jira tsokanar, domin a ranar ya sami abin da zai yi mini dariya da shi har ƙarshen rayuwarmu. Bai yi ba. Ya tambaye ni ina na safiyar nan, wanda jiragen biyu suka haɗu. Na gaya masa. Ya kifa hoton a kan tabarma, ya ce a kawo mini ruwa.

Na kwana ɗaya na dawo gida. Hotunan masu shan dizal suna nan a akwatina, duk mai so yana iya zuwa ya gani. Na mai cin kwal kuwa babu, kuma ba za a samu ba. Wanda ya tambaye ni kamanninsa, sai in ba shi kujera in faɗa masa da baki, ya yarda ko kada ya yarda.